Daraktan Birtaniya da aka tsinto aikinsa a Jos: Ina kaset-kaset ɗin namu suke?

A watan Oktoban 2013, BBC ta fitar da sanarwar da ta faranta wa masu kallon talabijin a Birtaniya rai. An gano kashi tara na shirin Doctor Who waɗanda aka daɗe da fitar da rai da su.

Ba a Landan aka same su ba. A Jos aka same su, cikin wani ɗakin ajiya na tashar talabijin, a gwangwanayen fim da suka yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su. Wanda ya gano su shi ne Philip Morris, Bature mai bin gidajen talabijin ƙasa-ƙasa yana neman tsofaffin shirye-shirye.

Huɗu daga cikin taran aikin darakta ɗaya ne, Douglas Camfield, wanda a lokacin ya kusa cika shekara 30 da mutuwa.

Labarin ya fi ƙarfin abin raha. Idan Jos ta iya adana wa Turawa tarihinsu ba da niyya ba, me ya samu ayyukan daraktocin Kaduna da Kano da Sakkwato na wancan zamani? Kuma wa zai nemo su kafin su gama lalacewa?

Wane ne Douglas Camfield?

An haifi Camfield a Indiya a 1931. Ya yi aikin soja da muƙamin hafsa a shekarun 1950 kafin ya shiga BBC, inda ya fara daga ƙasa. Lokacin da aka fara Doctor Who a Nuwamban 1963, shi mataimaki ne a ƙarƙashin darakta Waris Hussein. Ba a jima ba aka fara ba shi ragamar shirin.

Aikin darakta a talabijin na lokacin ba irin na yanzu ba ne. Ana ɗaukar wasa da kyamara da yawa a lokaci guda, kusan tamkar ana watsa shi kai tsaye. Gyaran kaset yana nufin a yanka shi da reza a liƙa, kuma kaset ɗin na da tsada, don haka ba a son yanka. Darakta yana zaune a ɗakin sarrafawa yana kiran kyamara ɗaya bayan ɗaya, bisa tsarin da ya rubuta tun kafin a shiga situdiyo. In ya yi kuskure, kuskuren zai iya fita har gidajen mutane.

A nan horon soja ya yi wa Camfield rana. An san shi da tsara komai daki-daki. Shi aka damƙa wa labarin The Daleks' Master Plan mai kashi 12 a 1965 zuwa 1966. A 1968 ya ba da umarnin The Web of Fear, labarin da ke faruwa a hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, alhali a situdiyo aka gina su. Daga baya ya yi aiki a shirye-shirye irin su The Sweeney, ya kuma yi fim ɗin Ivanhoe na talabijin a 1982. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Janairun 1984 yana da shekara 52.

Me ya kai fim ɗinsa Jos?

BBC da kanta ta goge aikinsa. A shekarun 1960 da 1970, idan an watsa shiri sai a goge kaset ɗin a ɗora wani a kai. Ba a kallon shirin talabijin a matsayin abin tarihi. Sai a 1978 ne kafar ta sauya tsari ta fara adanawa da gaske. Kafin nan an yi asarar ɗimbin shirye-shirye, har da mafi yawan kashi 12 ɗin nan na Camfield.

Abin da ya ceci wasu shi ne kasuwanci. BBC kan kwafi shirin a kan fim mai faɗin milimita 16 ta sayar wa ƙasashe irin su Ostireliya, Singafo, Zambiya da Najeriya. Tasha ta gama nunawa, ta miƙa wa ta gaba. Tashar ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. Na Jos ba a mayar ba, ba a kuma lalata ba.

Ba wannan ne karon farko ba. A tsakiyar shekarun 1980 ma daga Najeriya aka mayar wa BBC wasu sassa na The Time Meddler, wani aikin Camfield na 1965. Sau biyu ke nan ɗakunan ajiyar Najeriya suna ceto sunan mutum ɗaya.

Da aka kai na Jos Landan, an wanke su, an gyara hoto da sauti, an sa su kasuwa ta intanet nan take, sannan aka buga su a faifan DVD. Abin da aka yar a 1970 ya koma kuɗi a 2013. Masu sharhi kuma suka samu damar auna gwanintar Camfield da idonsu, ba da labarin wasu ba.

Daga Kaduna zuwa Kano

Talabijin a Arewa ba ta yi nisa da zamanin Camfield ba. An buɗe tashar farko a Najeriya a Ibadan ranar 31 ga Oktoban 1959. Gwamnatin Sardauna ta buɗe tata a Kaduna a Maris ɗin 1962, ƙarƙashin kamfanin BCNN, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Birtaniya biyu, Granada da EMI. Ma'ana, Kaduna ta fara watsa hoto tun kafin a haifi Doctor Who.

Tsarin aikin ma daga can aka gado shi: situdiyo, kyamarori, ɗakin sarrafawa, da mutum ɗaya mai kiran kyamara. Haka ma ɗabi'ar goge kaset a ɗora sabon shiri, wadda ƙarancin kuɗi ya ƙara wa ƙarfi a nan.

Jos ta samu tashar jihar Binuwai-Filato a 1974, kuma ita ce ta fara watsa hoto mai launi a ƙasar. A 1977 gwamnatin soja ta kafa hukumar da aka sani yanzu da NTA, ta haɗe duk tashoshin a ƙarƙashinta. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, jihohi suka sake samun damar buɗe nasu. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV.

A waɗannan gidaje aka raini wasan kwaikwayon Hausa na talabijin. Kaduna ta yi Samanja Mazan Fama da Karambana da Magana Jari Ce. Tashoshin Kano sun yi irin su Kuliya Manta Sabo, Bakan Gizo, Karo da Goma da Hankaka. Jos ta yi Karkuzu. Daga cikin wannan gogayya ne aka samu waɗanda suka yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon Kannywood da shi, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni.

An san ɗan wasa, an manta darakta

Duk wanda ya haura shekara 45 a Arewa zai iya kwaikwayon muryar Samanja. Da Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamban 2023, kafafen sada zumunta sun cika da ta'aziyya. Haka aka yi wa Ƙasimu Yero a Satumban 2017, da Sadiq Daba a Maris ɗin 2021.

Amma a tambayi masu ta'aziyyar wa ya zauna a ɗakin sarrafawa yana kiran kyamara a waɗannan wasanni, kaɗan ne za su amsa. Dalilin a fili yake. Fuskar ɗan wasa tana zama a zuciyar mai kallo. Sunan darakta kuwa a rubutun ƙarshen shiri kawai yake, kuma in kaset ya tafi, rubutun ya tafi da shi. Gutsattsarin tsofaffin wasannin da ake samu a YouTube da Facebook sau da yawa ba kai ba gindi, an yanke farko da ƙarshe.

Akwai wani bambanci mai muhimmanci tsakaninmu da Birtaniya. A can, ko da hoton ya ɓata, rubutaccen wasan yana nan a fayil. Masu sha'awar Doctor Who kuma sun riƙa ɗaukar sautin shirin da rikoda a gidajensu, har ta kai babu kashin da sautinsa ya ɓata. Da waɗannan aka sake gina wasu sassa da zanen katun.

Wasannin Hausa da yawa ba a rubuta su kalma-kalma ba. Ana tsara ƙashin bayan labari, a raba matsayi, 'yan wasa su cike sauran da bakinsu a gaban kyamara. Wannan ne ya ba su daɗin Hausa da saurin raha. Amma kuma yana nufin kaset ɗin shi kaɗai ne shaida. Babu wata takarda da za a koma wa.

Kuma a irin wannan tsari nauyin darakta ya ninku. Shi ne zai san inda zai tsayar da mai barkwanci, da kyamarar da zai kira alhali bai san kalmar da za ta fito ba. Wannan fasaha ce ta kanta, kuma ba a rubuta tarihinta yadda ya kamata ba.

Me ya shafi manomin Bichi da Dambatta?

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar 'yan boko ce ta cikin birni. Ba haka ba ne.

Karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, yanki ne da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarin yankin kewayen Kano tun shekarun 1960 saboda yadda jama'a masu yawa ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon taki da dabbobi.

Wannan cunkoson jama'a ya sa tun zamanin Turawa masu hoto suka sa ido a kan manomi. Kafin talabijin akwai majigi: mota ta zo da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fadar hakimi ko dagaci bayan magariba. Fim ɗin Baban Larai, wanda aka yi don ƙarfafa noman auduga, ta wannan hanya ya shiga bakin mutane.

Talabijin ta ci gaba daga inda majigi ya tsaya. A 1980 NTA ta fara Cock Crow at Dawn, wasan da aka ɗauka a yankin Jos don jawo hankali ga noman zamani a lokacin shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari. Peter Igho ne furodusa, Matt Dadzie ya ba da umarni, Ƙasimu Yero da Sadiq Daba na cikin 'yan wasa. Wasannin Kano kuma sun cika da mai unguwa da dagaci da alƙali, rikicin gado da iyakar gona, auren dole da ɗan ƙauye da ya shigo birni.

Wato mutanen karkara ne jigon labaran, amma su ne suka fi kowa ƙarancin gani. Inda babu lantarki, akwatin talabijin ɗaya mai aiki da batirin mota kan tara unguwa guda.

Yau lamarin ya juye. Wayar hannu ta shiga ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba. Shagon caji mai sola ko janareta shi ne sabon gidan kallo, kuma masu tura fina-finai suna cika wa mutum katin waya a ranar kasuwa. Masu kallon da tsofaffin daraktocin suka yi wa aiki sai yanzu suka samu allo a hannunsu, a daidai lokacin da aikin ke ɓacewa.

Ba wasan kwaikwayo kaɗai ba ne. Duk abin da kyamarorin gwamnati suka ɗauka na farin 1973, na ƙarshen zamanin dalar gyaɗa, na gina madatsun ruwa irin su Tomas da Watari, na gayya da kalankuwa da dambe, a kan irin waɗannan kaset-kaset yake. Haka zaman da aka yi da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos a situdiyo. Ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da ke son ganin yadda kakanninsa suka yi huɗa da girbi, nan ne kaɗai zai gani da idonsa.

Lokaci na ƙurewa

Fim ɗin Camfield ya tsira ne saboda a kan fim aka kwafe shi, kuma Jos na da sanyi. Fim na iya yin shekaru masu yawa in bai sha zafi da laima ba, kuma ko ba na'ura ana iya ɗaga shi a haske a ga hoton.

Yawancin shirye-shiryen Hausa na shekarun 1970 zuwa 1990 a kan kaset ɗin maganaɗisu suke, irin su U-matic da Betacam da VHS. Irin wannan kaset yana da rauni biyu. Na farko, sinadarin da ke riƙe da hoton yana jan laima ya yi danƙo, har kaset ya manne ko ya goge kansa da an sa shi a na'ura. Zafin bazarar Kano da laimar damina duk abokan gabarsa ne.

Na biyu, na'urorin kunna shi sun ƙare. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 kunna irin waɗannan kaset-kaset zai zama da wuya ƙwarai saboda rashin na'urori da kayan gyara. Injiniyoyin da suka san sirrin na'urorin su ma suna yin ritaya, wasu suna rasuwa.

Darasin Shaihu Umar

Akwai misalin da ke nuna ba a makara gaba ɗaya ba. Adamu Halilu, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a 2001, yana cikin daraktocin farko na Arewa, kuma shi ne shugaban farko na Hukumar Fina-finai ta Najeriya. A 1976 ya yi fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun.

Shekaru da yawa ana jin sunan fim ɗin ba a ganinsa. A 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin kayan hukumar, bisa ƙoƙarin mai shirya fim Didi Cheeka. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. A 2019 kuma Jami'ar Jos ta fara digiri na biyu a fannin adana fina-finai tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt.

Sai dai a lura da abu ɗaya. A labarin Camfield da na Halilu, kuɗi da na'urorin gyara daga waje suka zo. Doctor Who na da masoya a duniya, Shaihu Umar kuma fim ne na sinima da bukukuwan Turai ke sha'awa. Babu wani Bature da zai hau jirgi ya zo neman Kuliya Manta Sabo. In masu abu ba su nema ba, shi ke nan.

Na YouTube ma ba su tsira ba

Daraktocin yau na iya ganin wannan matsalar tsofaffi ce. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira suka dawo da al'adar jiran shiri mako-mako. YouTube kuma ya cika da irinsu.

Amma YouTube kasuwa ce, ba rumbu ba. Ana rufe tasha saboda ƙorafin haƙƙin mallaka, ana sace ta, mai ita na iya rasuwa da lambar sirrinsa. Ainihin hotunan kuma galibi a kan faifan kwamfuta ɗaya suke, wanda ake gogewa a ɗora sabon aiki in wuri ya cika. Kuskuren BBC ne na 1970 a sabuwar riga. Fina-finan Kannywood na shekarun 1990 ma, waɗanda suka fito a VHS, sun shiga layin haɗari.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da wasanni 22 saboda rashin kai su tacewa kafin fitarwa. An yi ta muhawara a kan iko da 'yanci. Abin da ba a tattauna ba shi ne, hukumar da ke buƙatar a kawo mata kowane fim tun 2001 ita ce ta fi kowa damar zama rumbun adana su, in an ba ta wannan aiki a doka tare da kare haƙƙin masu shi.

Me ya kamata a yi?

Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: ƙidaya. NTA Kaduna, NTA Kano, ARTV da takwarorinsu na Sakkwato da Katsina da Jos su buɗe ɗakunan ajiya, a rubuta abin da ke kan kowane kaset, a wallafa jerin. Ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Bayero da kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya wannan a lokacin koyon aiki.

Na biyu, a fara juya mafi tsufa da mafi rauni zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ma'adanar fina-finai ta ƙasa na Jos, Gidan Arewa na Kaduna, Gidan Ɗan Hausa na Kano.

Na uku, a nemi na hannun jama'a. Tsofaffin ma'aikata da iyalan 'yan wasa da attajiran da suka mallaki bidiyo a shekarun 1980 sun ɗauki shirye-shirye a gida. Sanarwa a rediyo za ta fito da abin da ba a zata ba.

Na huɗu, a zauna da daraktoci da masu kyamara da injiniyoyin da suka rage, a ɗauki bayaninsu: wa ya yi me, a wace shekara, da wace na'ura.

Na biyar, doka. Tun 1970 dokar Laburaren Ƙasa ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi. Faransa ta faɗaɗa irin wannan doka zuwa rediyo da talabijin a 1992. Majalisar dokokin Kano na iya yin tata ba sai ta jira Abuja ba.

Kuma abin ba sadaka ba ne kawai. Tashar da ta gyara tsofaffin wasanninta tana da abin sakawa a YouTube da abin sayar wa tashoshin tauraron ɗan'adam, ga masu kallo daga Dambatta har Maraɗi da Kumasi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Manomin arewacin Kano, ko yunwa ta kai ina, yakan ware damin iri ya rataye inda gara ba za ta kai ba. Gidajen talabijin ɗin da suka yi shekaru suna koya masa noma, wannan darasin guda ne ya kamata su karɓa daga wurinsa, tun akwai sauran abin ratayewa.